Ƙirjin Ɗan Jagora

Suna tsallake farin layin Auta ta sunkuya ta dafa gwiwoyinta, numfashinta na fita kamar ana hura zuga-zugi. 'Yar igiyar da ta haɗa hannunta da na yayanta tana nan maƙale a yatsunsu, ta jiƙe sharaf da gumi.

"Yaya, na ci?"

"Kin ci."

"Rantse."

"Wallahi kin ci. Har Malama, gwanar filin nan, tana bayanki."

Ta miƙe ta daka tsalle, ta kai masa duka a kafaɗa ta sami kunne. Bai ko ji zafin ba. Idonsa ya riga ya kai kan alƙalin da ke bakin layi, wani gajeren mutum mai tumbi, wanda ya ɗaga jar tuta yana nuno su da ita.

Dokokin tseren makafi ba su da yawa, kuma ya san su kamar yunwar cikinsa. Ɗan jagora ba ya jan mai tsere, ba ya tura ta, ba ya sakin igiya. Sannan ko da faɗin farce ne ba ya riga ta tsallake layin ƙarshe. In ya riga ta, an soke gudun kaf, kamar ba a yi ba. To shi ne ya riga ta. Bai ma san ya yi ba sai da ya ga tutar, sannan ya ji kafaɗunsa suna ba shi labarin abin da suka aikata.

Sunansa na yanka ya daɗe da ɓacewa a filin nan. Tun yana saurayi, lokacin da yake gudun zagaye ɗaya, ake ce masa Mai Ƙirji. Ba wai ya fi kowa sauri ba ne. Abin da ya iya shi ne, in aka zo kafaɗa da kafaɗa a ƙarshe, sai ya wurga hannuwa baya ya miƙa ƙirji daidai kan layi, kuma a tsere ƙirji alƙalai ke dubawa, ba ƙafa ba, ba kai ba. Kofunan da ke jere a kan kabad ɗin Mama rabinsu da haka ya kwaso su. Daga baya ya ajiye takalmin ƙusa ya buɗe shagon gyaran firiji, ya ɗauka shi da gudu sai dai a mafarki. Sai ga ƙanwarsa Auta, wadda ciwo ya tafi da idanunta tun tana 'yar makaranta, ta tare shi wata rana a ƙofar ɗaki.

"Yaya, na gaji da a hankali. Kowa a gidan nan a hankali, a titi a hankali, a wurin aiki a hankali. Ina so in yi gudu har iska ta mare ni."

Da haka ya koma fili, wannan karon da igiya a hannu.

Suka shiga mota suka koma gida. Suna shiga falo Mama ta taso daga kan keken ɗinkinta, zare rataye a leɓe.

"To? Ina lambar? Ku nuna mini in gani."

Auta ta cire takalmi, ta lalubi kujerar da ta saba zama. "Mama, ki yi wa ɗanki barka. Yau ya zo na ɗaya a tseren mata."

Mama ta dubi wannan ta dubi wancan. Da aka yi mata bayani sai ta cire zaren daga bakinta ta ce, "Kai, da girmanka?" Auta ta yi dariya, dariyar ba ta yi nisa ba. Ta tashi ta shiga banɗaki. Mai Ƙirji yana zaune yana jin famfo na zuba, ya daɗe yana zuba fiye da yadda wanka ke bukata.

Abin da ya rage musu sauƙi shi ne wannan gasar share fage ce, lamba kawai aka rasa. Babban abin yana gaba: tseren zaɓe, ƙarshen wata mai kamawa. Kujera ɗaya ce a jirgi zuwa babbar gasar ƙasashe, wadda ta ci ita za ta hau, babu sake. Malama, wata malamar makarantar makafi da mijinta ke yi wa jagora, ta daɗe tana riƙe da kujerar nan. Sai bana Auta ta kamo ta.

Washegari da sassafe Koci, mai horar da su, yana jiransu a bakin fili, tsoho siriri, usur rataye a wuya. Ba ya zagi, amma waɗanda suka yi aiki da shi sun ce gara zagin.

"Ni ban ga laifinka ba," in ji shi. "Ni na koya maka. Na shekara ina dukan bayanka ka miƙa ƙirjin nan. Ga shi na shuka, ya je ya tsiro a gonar da ba a nemansa."

Ya yafito wani dogon mutum da ke miƙe jijiyoyi a gefe. Ɗan kwana-kwana ne, yana gudu wa ma'aikatarsu, ga sauri ga ladabi. Koci ya karɓi igiyar daga hannun Mai Ƙirji ya miƙa masa. Mai Ƙirji ya hau matakalar 'yan kallo ya zauna da jakunkuna biyu a cinya. Bai taɓa kallon gudun Auta daga nesa ba. Ashe haka take da kyan taki, ashe haka take ɗaga gwiwa. Yatsunsa suka riƙa matse hannun jakar duk lokacin da suka shiga kwana.

Da suka gama zagayen Auta ta cire ƙyallen da ake rufe wa masu tseren ido da shi, ta juya wajen da take jin usur.

"Koci, wannan bawan Allah yana gudu da ni kamar ya ɗauko ƙwai a faranti."

"Ranki ya daɗe, kwana ce," in ji ɗan kwana-kwana. "Shi ya sa na ce a hankali."

"Ka ji ko? A hankali! Kalmar da na baro a gida ita ce ta biyo ni fili."

Koci ya hau matakala ya zauna kusa da Mai Ƙirji.

"Mutumin nan zai iya," ya ce. "Amma haɗa ƙafa da mutum ba aikin wata guda ba ne. Da shi ba za a soke ta ba, sai dai Malama za ta wuce su ta bar musu iska. Da kai za ta iya ci, kuma za a iya soke ta. Ka ga inda ka saka ni? Zan yi muku gwaji mako guda kafin tseren. Ka sake miƙa mini ƙirjin nan a ranar, jaka za ka riƙe."

Aka shiga aiki. Hawa matakala da gudu har cinya ta yi kamar an zuba mata dalma. Jan tsohuwar tayar mota da igiya a ƙugu. Tashi daga matokari, abin da ake tokare ƙafa da shi a farkon tsere, a koma, a sake tashi. Gudun mutum biyu a ɗaure kamar mutum ne da madubinsa: hannuwan da ke ɗaure tare suke lilo, ƙafafun da ke ciki tare suke sauka, in ɗaya ya saɓa igiya ta fizge. Wannan duk sun daɗe da ƙwarewa, har mutane kan ce in ka rufe ido takun mutum ɗaya kake ji.

In su kaɗai ne a fili, Mai Ƙirji yakan tsallake layi a bayanta cikin natsuwa, kamar bai taɓa laifi ba. Koci bai yarda da wannan natsuwar ba. Sai ya sa ɗan kwana-kwana a layin da ke gefensu, ya ce masa, "Kai ne Malama. Ka manne musu har ƙarshe." Ai kuwa da inuwar mutum ta bayyana a gefen idonsa, layi kuma ya matso, sai ƙirjin ya tafi da kansa. Usur ya yi ƙara. Aka sake, ya sake. Ya ce to bari ya rage gudu tun da sauran tafiya, sai igiya ta miƙe tam ta fizgo hannun Auta baya.

"Yaya, jaki na ɗauro ne a bayana?"

Koci ya gwada ɗaura masa jakar yashi a baya. Ya gwada tsayawa a bakin layi yana daka masa tsawa. Ya gwada horo, duk miƙa ƙirji ɗaya a hau matakala har sama. Mai Ƙirji ya haddace kowace tsaga ta matakalar nan, amma hali zanen dutse. Abin da jiki ya koya yana ɗanye, ba ya jin magana in ya bushe.

Wata rana da la'asar Auta ta biyo ta shago daga wurin aikinta, ofishin amsa waya inda take yini tana ba mutanen da ba ta sani ba haƙuri. Firiji na jere a ƙofar shagon kamar masu jiran likita, wani ba ƙofa, wani an kwance masa baya. Can ciki akwai tsohuwar firiza ta kwance da ya cire wa murfi, yakan cika ta da ruwa da ƙanƙara don ta tsoma ƙafafu bayan gudun safe mai nauyi. Ta naɗe wando ta zauna a baki, ta zura ƙafa tana tsotsar iska ta haƙora.

Yana tsugune bayan wani firiji, ya ba ta baya, ya faɗi abin da ya kwana biyu yana taunawa.

"Auta, ki tafi da ɗan kwana-kwana. Gara ki zo ta biyu da a sake ɗaga miki tuta saboda ni."

"Miƙo mini sukudireba."

"Me za ki yi da ita?"

"Soke ka zan yi. Ta biyu tana da kujera a jirgi ne?"

Ya ci gaba da aikinsa. Injin wani firiji ya tashi yana gurnani, ya yi shiru. Ta motsa ƙafa, ƙanƙara ta yi ƙara a jikin firizar.

"Ka san ina sanin lokacin da za ka yi shi tun kafin ka yi?"

Ya juyo. "Ta yaya?"

"Shiru kake yi. Tun daga harbin bindiga bakinka ba ya hutawa. Kwana, kwana, miƙe, ɗaga gwiwa, saki kafaɗa. Kamar rediyon mai shayi. Amma da mun kusa layi sai ka ɗauke wuta. Ka ja numfashi ka riƙe. Igiya tana hannuna, amma kai ba ka nan. Ka koma tserenka na da, kai da mutanen da yanzu duk sun yi furfura. Ni kuwa ina ta zabga gudu, ban san ina layin yake ba sai na ji mutane sun yi ihu. Wurin da na fi bukatarka, nan kake tafiya ka bar ni."

Ya ajiye abin da ke hannunsa a ƙasa a hankali. Duk tsawon shekarun nan ya ɗauka ƙirjin ne laifinsa. Bai taɓa jin shirun kansa ba.

"Wai ma me ya sa ba ka taɓa koya mini ba?" ta ce.

"Koya miki me?"

"Abin da ya cika kabad ɗin Mama."

"Za ki faɗi. Mai ido ma yana kifewa a wurin nan, balle..."

"Balle makauniya. Faɗi mana, ba zagi ba ne. Kai ma ashe ɗan a hankali ne, ka ɓoye." Ta ɗago ƙafa ɗaya ta taɓa ta ji ko tana nan, ta mayar. "Duba, Yaya. Ni ba na ganin layin. Kai kuma kana ganinsa har ya yi maka yawa. To ka sam mini. Lokacin da jikinka ya ce maka yanzu ne, kada ka ba ƙirjinka, ka ba bakinka. Ni in yi."

Ya dube ta. "In ce me? Ƙirji?"

"Ka kuskura ka yi mini ihun ƙirji a gaban jama'a, sai Mama ta ji. Ka ce yanzu."

Koci ya saurare su da safe yana juya usur a yatsa. "Za ta fasa haɓa," ya ce.

"Haɓata ce," in ji Auta.

"Haka ne. Ku nemo katifa."

Suka fara a kan ciyawa, da tafiya, sannan da sassarfa. Mai Ƙirji ya kama hannuwanta ya nuna mata yadda ake wurga su baya, ya dafa tsakiyar bayanta ya nuna inda ake turawa, ya ce kai kada ya sunkuya, ƙirji ne ke zuwa gaba. Ta kife a katifa. Ta tashi ta sake kifewa. Wani lokaci ta wuce katifar ma gaba ɗaya ta sha ciyawa. Da suka koma kan filin gudu sosai, gwiwa ta ɗaye, gwiwar hannu ta ɗaye. Mama tana shafa mata magani da yamma tana faɗa.

"Ni na ce katifar baƙi ta ɓata, ashe tana fili tana wasanni. Kai kuma an ba ka amanar yarinya kana dawo mini da ita kamar an ja ta a titi."

"Mama, ni na ce ya koya mini."

"Ke kuma in kin ce ya jefa ki rijiya sai ya jefa ki?"

"Sai ya fara auna zurfinta," in ji Auta. "Kin san shi da tsoro."

Abin da ya fi ba su wuya ba faɗuwar ba ce, lokacin ne. In ya jira sai jikinsa ya motsa sannan ya yi kira, ya makara, don kafin magana ta shiga kunnenta ta sauka a jikinta sun riga sun wuce layi. In ya yi gaggawa, ta miƙa ƙirji da sauran tafiya, sai gudun ya mutu ta yi ta tangaɗi. Dole ya daina kallon layin shi kaɗai, ya riƙa haɗa shi da ƙafarta: ga layi, ga inda ƙafarta za ta sauka, ga inda kalmar za ta fita. Ya lura kuma da wani abu da bai gaya wa kowa ba sai daga baya. Mutumin da ya buɗe baki yana ihu ba shi da numfashin da zai riƙe ya wurga jiki da shi. Iskar ɗaya ce, inda ka kashe ta nan ta tafi.

Ranar gwaji ɗan kwana-kwana ya manne musu kamar kaska tun daga kwanar ƙarshe. Layi ya matso. Mai Ƙirji ya ji tsohon abin ya taso masa daga ciki, ya kwarara ihu, Auta ta zuba. Usur bai yi ƙara ba.

Koci ya tako a hankali, hannu a baya. "Kafaɗarka ta motsa."

"Amma ba ta wuce ba."

"Ba ta wuce ba." Ya juya. "Ɗan kwana-kwana, ranar tsere kai ne mai jaka."

"Da farin ciki, ranka ya daɗe," in ji shi, da alama har zuciyarsa.

Ranar tseren zaɓe rana ta buɗe sosai, filin ya ɗauki zafi har ana jinsa ta tafin takalmi. Mama, wadda ba ta taɓa zuwa kallo ba don ta ce zuciyarta ba za ta ɗauka ba, ta zo da lema ta zauna a sahun gaba. A wurin ɗumama jiki suka haɗu da Malama da mijinta, wani mai faɗin kafaɗa da ba ya rabuwa da murmushi.

"Mai Ƙirji!" in ji mijin. "Yau ma za ka taimake mu? Mun ji daɗin wancan karon."

"Kyauta ba a maimaita ta," in ji Mai Ƙirji.

Malama ta lalubo hannun Auta ta riƙe. "Ƙanwata, kada ki ji su. Maza ne, mu ke gudu su ke surutu."

Aka jera su, kowace mai tsere da ɗan jagoranta da layi biyu. Ya kama ƙafarta ya ɗora a matokari, ya kama yatsunta ya ajiye bayan layin tashi, ya gyara mata ƙyallen ido. Ta ja igiyar sau ɗaya, ya ja sau ɗaya. Haka suke gaisawa kafin kowane gudu. Filin ya yi tsit.

Bindiga ta tashi.

"Kwana, kwana, kwana. Haka. Miƙe! Saki kafaɗa." Ƙafafunsu na sauka tare, igiya a sake tana lilo tsakaninsu. A miƙen baya suka wuce mutum biyu. Malama tana layin waje, tana gaba, farar rigarta na kaɗawa. "Kwana ta zo. Shiga. Tana gabanki kaɗan, kada ki kore ta yanzu, bari ta zo mana." A tsakiyar kwanar ƙarshe ya ji numfashin Auta ya canza, ya koma gajere mai kaifi. Nan ne gudun zagaye ɗaya ke karɓar hakkinsa, ƙafa ta yi nauyi, hannu ya ƙi ɗaguwa, kowa ya koma gudu da abin da ya tara a matakala. "Miƙe! Gida ke nan. Gwiwa, Auta, gwiwa! Kin kamo ta. Tana damanki."

Suka jera su huɗu kamar an sa magwaji. Mijin Malama na ihu, 'yan kallo na ihu, shi ma yana ihu bai san me yake cewa ba. Farin layin ya taso musu. A gefen idonsa ga kafaɗar mutum, kuma jikinsa ya gane wurin, ya gane shi sarai kamar ƙofar gidansu. Huhunsa ya fara jan iskar nan da zai riƙe. Hannuwansa suka nemi komawa baya. Ya sauke ido kan ƙafar Auta. Ta hagu ta sauka, ta dama ta tashi.

"Yanzu!"

Ta wurga hannunta na waje baya ta zuba gaba da dukan abin da ya rage mata. Igiyar ta ja shi, ya bi ta a tsaye, ƙirjinsa a inda Allah ya ajiye shi. Bayan layi ƙafarta ta harɗe, ta tafi ƙasa, shi ma ya bi ta, suka zube tim a kan filin mai zafi.

Ta juyo rigingine, haɓa na tsattsafar jini, ƙirjinta na hawa da sauka.

"Yaya, na ci?"

"Ban sani ba."

"Kamar yaya ba ka sani ba? Kai ne mai idon!"

"Ƙafarki nake kallo."

Ya ɗago kai ya nemi gajeren alƙalin nan mai tumbi. Yana nan a bakin layi, tutoci biyu a hannu. Ya dube su, ya ɗaga fara. Mai Ƙirji ya saki numfashin da bai san yana da sauransa ba.

"Fara ce," ya ce. "Tutar fara ce, Auta."

"To saura ɗaya."

Alƙalai suka taru kan hoton da na'ura ta ɗauka a layi, suna nuni da yatsa. Malama na tsaye ta dafa kafaɗar mijinta, ita ma tana jira. Koci ya juya wa kowa baya yana kallon sama. Can lasifika ta yi tari, aka kira lambar rigar Auta. Daga sahun gaba aka ga lema ta tashi sama ba mai riƙe da ita.

Malama ce ta fara isowa, mijinta na jagorantarta. Ta durƙusa ta lalubi fuskar Auta, ta taɓa haɓar, ta ji danshi a yatsa.

"Ke, wa ya koya miki wannan mugun abin?"

"Wani tsohon ɗan tsere ne. Ya yi ritaya."

"To ki je ki yi musu shi a can. In kin dawo ina nan ina jiranki, ban tsufa ba."

Koci ya zo ya duba haɓar, ya ce, "Na faɗa," ya miƙa mata hankicinsa. Ɗan kwana-kwana na biye da jakunkuna biyu, yana ta "ranki ya daɗe, ranki ya daɗe."

Mai Ƙirji ya tashe ta tsaye. Har yanzu igiyar na yatsunsu, babu wanda ya tuna ya saki. Suka nufi wajen Mama, wadda ke rigima da mai gadin shinge a kan sai ta shigo. Suna cikin tafiya Auta ta ja igiyar.

"Yaya, kai na nawa ka zo?"

Ya yi tunani. "Ke, sai Malama. Ni da mijinta ba a tantance ba. Na uku ko na huɗu."

"A tseren mata?" Ta girgiza kai, hankici a haɓa. "Kai, Yaya, ka lalace."

"Akwai matakala a gabanki," ya ce. "Ɗaga ƙafa."